Zumuntarmu ta cika maƙil amma ba aminai: yaya ake kafa ƙaramin rukunin mata da zai ɗore?

Maman 'Yan Biyu ta rubuta:

Yabo ga Yesu, iyayena da 'yan'uwana. Ina da tambaya a kan abin da na tabbata ba farish ɗinmu kaɗai ya shafa ba. Zumuntar Mata Katolika a wurinmu ta haura mace 100. Ranar taro coci ya cika, ga anko, ga waƙa da kiɗan tulu, in an yi rasuwa kuwa kowa za ta fito. Amma da zarar an yi addu'ar rufewa, kowa sai ta kama gabanta. Sai ki ga mace ta daɗe tana zama benci ɗaya da wata, ba ta san ƙofar gidanta ba, balle abin da ke damunta. Waɗanda aure ko aiki ya kawo su garin su suka fi jin jiki, don ba su da dangi kusa.

Mu kaɗan a unguwarmu muna so mu kafa ƙaramin rukuni na addu'a da ziyarar juna. Abin da ya sa muke ɗari-ɗari, waɗanda aka kafa a baya ba su je ko'ina ba. Wani adashi ya ci shi, wani gulma, wani kuma aka ce 'yan adawa ne da shugabannin Zumunta. To mutum nawa ya kamata? Me ake yi a zaman? Sai an nemi izinin Fada, wato firist ɗin cocinmu? Kuɗi kuma, a taɓa shi ko a bar shi? Don Allah waɗanda suka san kan abin su yi mana dalla-dalla.

Tsohuwar Uwar Zumunta ta amsa:

Girma ga Maryamu. 'Yata, abin da kika gani ba laifin Zumunta ba ne. Babban taro aikinsa daban: koyarwa, waƙa, gudummawa, da tsaya wa mata a gaban Fada da dayosis, wato yankin da Bishop ke kula da shi. Aminci kuwa ba ya ƙulluwa a cikin mutum 100, sai an rage yawa.

Ku tsaya a 6 zuwa 8. In kun gaza 5, ranar da ɗaya ta yi tafiya, ɗaya ɗanta ba lafiya, zama ya watse, kuma in ya watse sau biyu a jere da wuya ya dawo. In kun wuce 10, mata uku masu baki za su riƙe magana, sauran su zama 'yan kallo. Lissafin a fili yake: mace 8, kowacce ta yi magana minti 4, minti 32 ke nan, kuma iyakar zagayen magana da zama ɗaya zai ɗauka ke nan. Ranar da kuka kai 12 ku rabu gida biyu, amma a raba bisa kusancin gidaje, ba bisa wa ke shiri da wa ba.

Kowacce ta zama tana iya isa gidan 'yar'uwarta da ƙafa cikin minti 15. Kuɗin keke ko acaba yana kashe rukuni a ɓoye, don mace ba za ta ce ba ta da kuɗin mota ba, cewa za ta yi ta yi baƙi. Ku gauraya shekaru. A sami dattijuwa aƙalla ɗaya, kamar yadda Bulus ya gaya wa Titus a sura 2 cewa manyan mata su koyar da ƙanana. A sami baƙuwa a garin, a sami wadda mijinta ya rasu, a sami wadda ba ta yi aure ba. Amma akwai waɗanda ba a haɗawa wuri ɗaya: suruka da matar ɗanta, mai gidan haya da 'yar hayarta, uwar ɗaki da yarinyar da ke mata aiki. Ba don suna gaba ba, sai don ta ƙasan ba za ta taɓa buɗe baki ba.

Rana ɗaya tsayayya a mako, lokaci ɗaya. A gari ƙarfe 4 zuwa 5 da kwata ya fi, a tashi tun da sauran rana, kowa ta isa gida ta ɗora tukunya. Rukunin da ke sa tuwon dare ya makara, maigida zai soke shi kafin wata biyu, kuma ba za a ga laifinsa ba. A ƙauye da damina ku mayar da shi Lahadi bayan sujada. Kada ya ci karo da ranar Zumunta, ko koyon waƙa, ko Hanyar Gicciye ta ranakun Juma'a a lokacin azumi.

Zaman kansa ga yadda yake tafiya. Gicciye da kyandir ɗaya a kan ƙaramin teburi. A fara a kan lokaci ko da mutum uku ne suka iso, don in aka saba jiran mai makara, kowa za ta koyi makara. Rosari, wato addu'ar carbi, minti 20, kowane goma mace daban ta ja. Sai a karanta Bisharar Lahadi mai zuwa sau biyu a hankali, kowacce ta faɗi aya ko kalmar da ta taɓa ta, minti 15. Ba wa'azi, ba gyara wa wata fahimtarta. Tambayar da ta fi ƙarfinku a rubuta a kai wa katikis. Daga nan a zagaya, kowacce ta faɗi yadda makonta ya kasance, wadda ba ta so ta ce a wuce ta, ba a matsa mata. A yi addu'a a kan abin da aka ji, a raba ziyara, a rufe.

Abin da za a ba baƙi a yanke shi tun ranar farko: ruwa da gyaɗa, ko zoɓo, shi ke nan. In ta farko ta dafa shinkafa da kaza, ta biyu za ta ƙara da lemo, mai ɗaki ɗaya kuma za ta fara ɓacewa. Ku lura, mace ta kan daina zuwa ne mako ɗaya ko biyu kafin layin karɓar baƙi ya zo kanta. Irin wannan sai a ce mata a yi zaman a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gidanta ko a harabar coci, ba tare da an yi ta bayani ba.

Amma duk wannan shimfiɗa ce. Inda aminci ke fitowa shi ne bibbiyu. Ku rubuta sunaye a takarda, a ja ƙuri'a, kowacce ta sami abokiya ta wata uku. A cikin mako ta taka zuwa gidanta sau ɗaya, ba zaman falo ba, ta same ta a kan aiki: tsintar wake, ɓarar gyaɗa, kitso, rakiya awo ko asibiti. Mace ta fi faɗin abin da ke ranta in hannunta na aiki, idonta ba ya cikin na mai sauraro. Zumunci a ƙafa yake. Uwarmu Maryamu ma da ta ji labarin Alisabatu tashi ta yi da hanzari zuwa ƙasar tuddai, ta zauna da ita wajen wata uku, kamar yadda Luka ya rubuta a sura 1. Idin wannan ziyara 31 ga Mayu ne, rana ce mai kyau ta fara rukuni. Bayan wata uku a sake ƙuri'a, ko da wasu sun shaƙu suna roƙon a bar su tare. Ba wanda ya hana su ci gaba da ƙawancensu, amma in aka bar kowa ta zaɓa, akwai mace ɗaya da ba mai zaɓenta, kuma saboda ita aka kafa rukunin.

Kuɗi kuwa, a ganina kada ku taɓa shi sam.

Malam Katikis ya amsa:

Mama ta gama magana a kan tsari, ni zan taɓo izini da riƙon amana.

A dokar Ikilisiya, doka ta 215 ta ba masu bi 'yancin haɗuwa su kafa ƙungiya don ibada ko aikin jinƙai. Mata 8 da ke Rosari a ɗakin ɗayarsu ba su karya komai ba. Abu biyu ne ke buƙatar izini: sa wa ƙungiya sunan Katolika, wanda doka ta 300 ta ce sai da yardar hukumar Ikilisiya, da kuma yawon neman taimakon kuɗi da sunan aikin coci, wanda doka ta 1265 ta hana sai da rubutaccen izini. Wannan ta fuskar doka ke nan. Ta fuskar zaman lafiya, ku je wurin Uwar Zumunta mai ci kafin ku je wurin Fada, ku je ku biyu, ku gaya mata rana da wuri da sunayenku, ku ce ƙofa a buɗe take ta leƙo duk ranar da ta so. Kada ku fara a shekarar zaɓen shugabanni, ko me kuka ce za a ɗauka kamfe ne. Kuma 'yan rukunin su zama na gaba wajen biyan kuɗin Zumunta da sharar coci. Da haka zancen adawa ke mutuwa.

Gulma a rukunin addu'a ba ta shigowa da sunanta. Shigar roƙon addu'a take yi: mu sa wance a addu'a, kun san abin da mijinta ya yi? Kafin a ce amin labari ya zaga unguwa. Maganinsa ƙa'ida ɗaya ce: kowacce ta kawo nata da na gidanta. Na wani kuwa sai da yardar mai shi, in ba haka ba a ce wata 'yar'uwa tana cikin damuwa, Allah ya san sunanta. Katikizim na Ikilisiya a sakin layi na 2477 ya raba abin uku: saurin yanke wa mutum hukunci ba hujja, da fallasa laifinsa na gaskiya ga waɗanda ba su sani ba alhali ba dalili, da yi masa ƙage. Na tsakiyan shi mata da maza suka fi rainawa, sai a ce ai gaskiya na faɗa. Gaskiyar ba ta wanke ki ba. Sakin layi na 2487 kuma ya ce wanda ya ɓata sunan wani wajibi ne ya gyara, ko da an riga an gafarta masa.

Abin da aka faɗa a zama ba ya zuwa ga miji. Nan ne mafi yawan asiri ke fita, ba a kasuwa ba. Ita ta gaya wa maigida da dare, shi ya gaya wa abokinsa a taron maza, abokin ya gaya wa matarsa. A faɗi wannan ƙa'ida da baki a zaman farko na kowane wata. WhatsApp kuma na sanarwa ne kawai: gidan wa, ƙarfe nawa, wa ta haihu. Matsalar aure ko ta rashin lafiya ba a rubuta ta, ba a yin saƙon murya da ita, don yara da maza suna ɗaukar waya.

Sai dai riƙon asiri yana da iyaka, kuma a sanar da iyakar tun farko don kada wata ta ce an ci amanarta. Wannan ba hatimin furta zunubi ba ne, wanda ke kan Fada ba tare da togiya ba. In rai yana cikin haɗari, ko ana dukan mace har da rauni, ko ana lalata da yaro, ko wata ta fara zancen kashe kanta, ba a rufewa. A gaya mata za a nemi taimako, a tafi tare da ita. Kada kuma a sallame ta da ki yi haƙuri kawai. Doka ta 1153 ta yarda wanda abokin aurensa ya jefa shi ko 'ya'yansa cikin babban haɗari ya raba wurin zama, har da kansa in jira zai kawo ɓarna, auren kuma yana nan. A kai maganar ga Fada, kuma dayosis-dayosis ɗinmu suna da ofishin adalci da zaman lafiya, JDPC, da ke taimakawa a irin wannan.

Abu na ƙarshe, mai mafarki. Kusan kowane rukuni sai an sami wadda ke cewa an nuna mata. In abin da aka nuna mata ya tsaya a mu ƙara addu'a, ba damuwa. Ranar da ta ce an nuna mata wance ce ta kama cikin wance, ko surukarki ce ke bayan ciwon ɗanki, a tsayar da ita nan take, cikin ladabi, a ce ta kai wa Fada. Zargin maita ya raba gidaje da yawa a ƙasar nan, kuma rukunin da ya saurare shi sau ɗaya ba ya komawa daidai.

Ma'ajiyar Zumunta ta amsa:

Mama, ki gafarce ni, a kan kuɗi ban bi ki duka ba. Mata 8 da suka san cikin juna ba za su ga ɗayarsu a gadon asibiti su ce sai addu'a ba. Kuɗi zai shigo ko an so ko ba a so, gara ya shigo ta ƙofa da a bar shi ya hauro katanga. Inda na yarda da ke, a yi wata shida tukuna ba a karɓi ko sisi ba, don a ga masu zuwa saboda Allah.

Bayan nan a buɗe asusun taimako, ba adashi ba. Bambancin babba ne. A asusun taimako abin da kika sa ya tafi, ba ki bin kowa. Misali naira 200 kowace mace a mako, mace 8, naira 1,600 ke nan, a shekara 83,200. A rubuta abin da ake bayarwa tun kafin a san wa zai fara samu: haihuwa kaza, kwanciya asibiti kaza, rasuwar miji ko ɗa ko iyaye kaza. Adadi ɗaya ga kowa. In aka bar shi sai abin ya faru a zauna a yanke, za a ba mai farin jini da yawa, a ba mai shiru kaɗan, kuma za ta lissafa. Kada a bi tsarin biki na ramawa da ƙari, wanda in na kawo miki dubu biyu ke sai ki kawo huɗu, don ƙarshensa mai ƙaramin ƙarfi ta gudu.

Mace ɗaya ta riƙe littafi, wata daban ta riƙe kuɗi, a ƙirga a gaban kowa, a karanta abin da ya rage sau ɗaya a wata. Kada kuɗin ya kwana a asusun bankin da mai riƙon ke cefane da shi. Yawancin waɗanda kuɗin ƙungiya ya salwanta a hannunsu ba ɓarayi ba ne. Kuɗin makaranta ne ya taso, ta ce bari in taɓa in mayar ranar albashi, albashi ya makara. Kuma a karɓi kuɗi bayan addu'ar rufewa, ba kafin ba, don wadda ba ta da shi ranar ta sami zama cikin natsuwa.

Adashi in kun nace, ku fitar da shi daga rukunin: wata rana daban, wani littafi daban, wadda ba ta so ba dole. Inda yake karyewa sananne ne. Mace 8, zubi 2,000, kwasa 16,000, mako 8. Wadda ta kwashe a makon farko saura mata zubi 7 na kuɗin da ta riga ta kashe, ta ƙarshe kuma tana ta zuba wa wasu, ga tsadar kaya tana cin darajar abin da za ta kwasa. Da ta farkon ta fara tsallake zubi, kunya za ta hana ta zuwa Rosari, sai a yi asarar kuɗi da mutum gaba ɗaya. Don haka a ja ƙuri'ar layi a rubuta, sabuwar shiga ta kwasa a ƙarshe, kuma zagaye ɗaya ya ƙare kafin a yi zancen wani.

Rance tsakanin aminai biyu shi ya fi duka haɗari, don ba shaida. Sirak sura 29 ya zana shi sarai: mai karɓa yana sumbatar hannu har ya samu, ranar biya sai ja da baya da kukan zamani, mai bayarwa ya sayi maƙiyi da kuɗinsa. Wadda Littafinta Mai Tsarki na Hausa ba shi da Sirak ta nemi bugun da ke da Afokirifa. Shawarata, in ƙawarki ta nemi 20,000 kina iya rasa 5,000 ba ki ji ciwo ba, ba ta 5,000 kyauta, ki ce ba bashi ba ne. Kada ki tsaya mata lamuni a bankin masu ba da ƙananan rance sai in kin shirya biya da kanki. Haka kayan bashi, atamfa ko anko ko kayan miya: mai sana'a ta yi cinikinta a waje, kada ta zo zama da jaka.

'Yar Rundunar Maryamu ta amsa:

Ƙari kaɗan. Yawancin abin da iyayena suka faɗa akwai shi a tsarin Rundunar Maryamu, wadda muke kira Lijon, kuma tun 7 ga Satumba 1921 ake gwada shi, ranar da Frank Duff ya zauna da wasu mata a Dublin ta ƙasar Ailan. Zama kowane mako, ba ya wuce awa ɗaya da rabi. Aikin awa biyu a mako, mutum biyu tare, a dawo a ba da rahoto da baki. Baiko kuma a jaka ake sa hannu a rufe, ba mai sanin abin da wata ta sa, ko ma ba ta sa ba. Wannan jakar za ta yi wa asusun da Ma'ajiya ta kawo amfani in akwai masu ƙaramin ƙarfi sosai a cikinku. Sabon shiga yana wata uku na gwaji kafin ya yi alkawari, ku ma kuna iya ce wa sabuwa ta zo ta gani tukuna.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne aikin waje. Rukunin da kansa kawai yake kallo, yau matsalata gobe taki, cikin shekara zai gaji da kansa. Ku sami tsohuwar da ba ta iya zuwa Misa, ku share mata ɗaki, ku sanar da Fada a kawo mata Yukaris, wato Jibin Ubangiji. Ku duba mai jego da ba ta da uwa kusa. Gidan rasuwa kowa na zuwa a makon farko, ku naku ya fara bayan an watse, mutum biyu kowane mako har wata uku, ku kuma haɗa a ba da Misa domin mamacin in ya cika wata.

Sai harshe. A farish irin na Kaduna ko Jos za ki sami Bajju da Atyap da Berom da Tibi da Ibo da Idoma a benci ɗaya. In mata uku suka juya zuwa yarensu a tsakiyar zama suka yi dariya, ta huɗun ta gama yanke cewa da ita ake. A zaɓi harshen da kowa ke ji, a tsaya a kansa har a tashi. Matsalar ba sabuwa ba ce: a Ayyukan Manzanni sura 6, gunagunin farko a Ikilisiya a kan matan da mazansu suka mutu ne na masu jin Helenanci, da ake tsallake su wajen rabon abinci.

Maman 'Yan Biyu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, iyayena, Allah ya saka. Saura biyu. A cikin waɗanda muke so su shigo akwai wadda ba ta karɓar Yukaris don ba a ɗaura aurenta a coci ba, wasu na cewa a bar ta tukuna. Sannan in biyu suka saɓa a cikin rukuni, musamman in ɗaya uwar baftismar ɗan ɗayar ce, yaya ake yi?

Malam Katikis ya amsa:

Ku sa ta, da ita za ku fara ma. Ba dokar da ta hana ta Rosari ko jin Bishara, kuma irinta sun fi kowa kaɗaici a coci, don duk Lahadi ana tashi layi ita tana zaune. Kada a mai da ita abin wa'azi. In ita ta tayar da maganar, abokiyarta ta taimaka da abin da ake buƙata: katin baftisma nata da na mijin in yana da shi, rakiya ofishin Fada, da kwantar wa mijin hankali cewa ba biki ake nema ba. Abin da ke tsayar da mafi yawansu tsoron kuɗin shagali ne, alhali doka ta 1108 Fada ko dikon da shaidu 2 ta nema, ana iya yi a Misar safe ranar aiki. In akwai auren farko ko mace fiye da ɗaya a gidan, wannan ba na rukuni ba ne, Fada ne zai duba.

Uwar baftisma kuwa, saɓani ba ya goge sunanta daga rajista. Shi ya sa ba a zaɓenta don ana ɗasawa a bana ko don tana da hannu da shuni. Doka ta 874 ta ce ta kai shekara 16, Katolika ce da ta karɓi ƙarfafawa da Yukaris, tana zaman da ya dace da bangaskiya, kuma ba ita ta haifi yaron ba. Ƙawa daga wata ɗarika da aka yi wa baftisma tana iya tsayawa shaida, tare da Katolika mai tsayawa. In iyaye sun ɓata, yaron ya ci gaba da zuwa gaishe ta, kada a sa shi a ciki.

Tsohuwar Uwar Zumunta ta ƙara:

Na saɓani bari in ƙarasa. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, har Bulus sai da ya roƙi Afodiya da Sintiki su shirya, a Filibiyawa sura 4, ya kuma nemi wani ya taimake su. Matakan suna Matiyu 18. Wadda aka ɓata wa ta sami 'yar'uwarta su biyu, cikin mako guda, da ƙafa ba ta waya ba. Ta fara da tambaya, an ce kin ce kaza, haka ne? Sau da yawa ba a faɗa ba, ko ba haka aka faɗa ba. Duk wadda aka kawo wa ƙara ta tambayi mai ƙarar ko ta je wurin mai laifin, in ba ta je ba ta mayar da ita, kada ta zama 'yar aike.

In bai yiwu ba, dattijuwar rukunin ta zaunar da su a gidanta, ba ranar zama ba, ba a gaban sauran ba. Kowacce ta yi magana ba a katse ta, a tsaya a kan abu ɗaya da ya faru, ba a tono na bara. In da kuɗi a ciki a rubuta nawa ne da ranar biya, don sulhun da aka yi aka bar bashi a buɗe ba ya kai wata. In magana ce aka fitar, wadda ta fitar ta koma wurin waɗanda ta gaya wa ta gyara. A wannan zagayen kada a haɗa su ƙuri'a ɗaya, a bar su su huce, amma dukansu su ci gaba da zuwa. Sai in duk wannan ya gagara ake kai wa Uwar Zumunta ko Fada, kuma su biyun ne za su je tare da dattijuwar, ba rukunin duka ba.